Yanda Na Tada Tsohon Injin Yankan Ciyawa Har Ya Kai Ni Gidan Tarihin Southport

Duk wanda ya taɓa kama hayar gida mai ɗan fili a baya a ƙasar Ingila ya san a cikin takardar yarjejeniya akwai layin da ke cewa kula da lambu a wuyanka yake. Mu da muka taso inda ciyawa abincin dabba ce, a yanko a ɗaure a kai kasuwa masu kiwo su saya, abin yana ɗaukar lokaci kafin ya zauna mana a kai, wai ka bar ciyawa ta fito da gangan, ka yanke ta, ka zuba a kwandon shara na musamman motar ƙaramar hukuma tazo ta kwashe. Amma haka tsarin yake, kuma in ka bari ta yi tsawo babu wanda zai zo yayi maka faɗa, sai ranar da zaka tashi a zare kuɗin gyaran lambu daga kuɗin ajiyar da ka bayar.

To da muka koma wani gida a gefen Liverpool ni da iyali, a ɗan ɗakin katakon da ke ƙarshen lambun na tarar da wani tsohon injin yankan ciyawa na turawa da hannu, baya shan fetur baya shan wuta, tsatsa ta rufe shi, yanar gizo-gizo ko'ina, in ka tura ko motsi baya yi. Na kira mai gidan yace ai na mahaifinsa ne, in ina so in riƙe, in bana so in kai wajen zubar da tarkace. Da na goge gefensa da tsumma sai ga rubutu a jikin ƙarfen, ba sitika ba, tare da ƙarfen aka zubo shi: Qualcast, sunan kamfanin, sai kuma Panther, sunan samfurin. Na ɗaga shi naji nauyi na gaske. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gyaran keken ɗinki yake yi a kasuwa, kuma a gabansa na koyi cewa ƙarfe mai nauyi irin wannan ba a yanke masa hukunci sai an kwance shi an ga cikinsa. Matata tace "Abban yara, dan Allah kar ka tara mana tarkace, ka siyo na lantarki kawai a huta." Nace ta bani lokaci, in bai tashi ba ni da kaina zan kai shi.

Farkon abinda nayi shine na kai shi wani shagon kayan lambu kusa da mu, yaron da ke wajen ya kalle shi yace basa taɓa irin waɗannan, sabo yafi gyaran sauƙin kuɗi. Maƙwabcina ne, wani dattijo Bature da yayi ritaya, ya leƙo ta saman shinge yaga ina fama da shi yace in tafi Southport, akwai gidan tarihi na injinan yankan ciyawa zalla, kuma a ƙasan gidan tarihin akwai shago da ake samun kayan gyaran tsofaffin injina. Yace har na Yarima Charles da Gimbiya Diana yana can. Wallahi da farko ban ɗauka da gaske yake ba sai da na duba a waya na gani, British Lawnmower Museum, a titin Shakespeare.

Kafin in tafi nayi abubuwa guda biyu da nake ba kowa shawara yayi. Na ɗauki hoton injin ta kowace fuska, sama, ƙasa, gefe da gefe, wajen sarƙa, wajen da hannu ya haɗu da jiki, saboda in ka kwance abu ya kwana biyu a warwatse kanka ba zai tuna wace wosha ce ke gaba da wace ba. Sannan na fesa WD-40, man feshi mai sassauta tsatsa, a kan kowane noti na barshi yana jiƙa, ban gwada kwance komai ba. Na shimfiɗa kwali a but ɗin mota na ɗora shi, muka kama hanya ni da babban ɗana.

Southport garin bakin teku ne a arewacin Liverpool, in ka bi ta Crosby da Formby baka kai awa ɗaya ba ka isa, akwai kuma jirgin ƙasa na Merseyrail daga tsakiyar Liverpool kai tsaye in baka ɗauke da kaya. Titin Shakespeare ba wani babban titi bane, gidaje ne da ƙananan shaguna, in baka lura ba zaka wuce. Ƙasa shago ne na makullai da kwaɗo da kayan injinan lambu, gidan tarihin yana sama, ka biya ɗan kuɗin shiga kaɗan ka hau bene. Wanda ya kafa wajen sunansa Brian Radam, shagon na gidansu ne, kuma shi kansa tsohon zakara ne a tseren injin yankan ciyawa, eh tsere, ana cire wuƙaƙen a hau a yi gudu a fili. Wannan wasan a Ingila a 1973 aka tsara shi sosai a wani ƙauye mai suna Wisborough Green a West Sussex, wasu ne suka ga tseren mota yayi tsada suka ce to kowa ai yana da injin ciyawa a gida, har yau kuma suna yin wani na awa 12 da ake kwana ana yi, Stirling Moss ma na tseren mota ya taɓa shiga ya ci.

Da muka hau sama abinda ya fara dukana shine warin mai da giris da tsohon ƙarfe. Ɗakunan ƙanana ne kuma a cike maƙil, injina a ƙasa, a kan kanta, a jikin bango, ɗaruruwa, yawanci kore da ja, an goge su suna ƙyalli, tsofaffin allunan talla a tsakaninsu. Ɗana da ya taho yana ɓata rai wai me za a kalla a injin ciyawa, shine ya fara jan hannuna.

Anan na fahimci asalin abin da ke but ɗin motata. Wani injiniya ne mai suna Edwin Beard Budding a yankin Stroud cikin Gloucestershire ya ƙirƙiro shi, ya yi rijistar fasahar a 1830. Yankin nasu na masaƙun ulu ne, kuma a masaƙa akwai wani inji mai wuƙaƙe a murɗe a jikin silinda da ke aske gashin da ya tashi a saman yadi domin yayi sumul, shi kuma ya kalla yace abinda ya aske yadi zai aske fili. Ya haɗa gwiwa da John Ferrabee mai masana'antar ƙarfe a Thrupp suka fara ƙerawa, ana ma ba da labarin cewa da dare yake gwadawa dan kar mutane su ce ya taɓu. Gidan namun daji na Regent's Park a Landan na cikin waɗanda suka fara saye, sannan a 1832 kamfanin Ransomes na Ipswich ya karɓi izini ya fara yin nasa. Kafin nan duk wanda yake son fili mai gajeriyar ciyawa sai dai ya ɗauki ma'aikata masu dogon lauje, su fito da sassafe raɓa bata bushe ba, ko kuma ya saki tumaki su ci, shi yasa sai masu hannu da shuni ke da irin wannan filin. Ni da nayi firamare da sakandare ina yankan ciyawar filin makaranta da langa-langa har hannu yayi kanta, na san me ake nufi da wahalar da wannan inji ya ɗauke.

Akwai manya da doki ke ja, irin wanda Alexander Shanks na Arbroath a Sikotlan ya fara yi a wajajen 1842, har da takalman fata da ake sa wa dokin dan kofato kar ya ɓata fili, ɗana ya daɗe a wajen takalman nan yana tambaya "Abba da gaske doki ke sawa?" Daga baya akayi na tururi, James Sumner na Leyland yayi rijistarsa a 1893, nauyinsa ya sa bai yi nisa ba, sai Ransomes suka fito da na fetur a 1902, sai Atco a 1921 da suka yi wanda talaka mai ɗan rufin asiri zai iya hange, duk da kuɗinsa fam 75 a lokacin ba ƙaramin kuɗi bane. Can gaba ga Flymo na Karl Dahlman ɗan Suwidin, 1964, wanda babu taya, iska ke ɗaga shi. Ga na farko-farkon masu amfani da hasken rana da ke yawo da kansu ba mai turawa. Ga wani ɗan mitsitsi da bai wuce inci 2 ba. Wani abin da ban sani ba sai ranar, kamfanonin da muka sani da babur da mota irin su Royal Enfield da Vincent da Dennis duk sun taɓa yin injin ciyawa.

Sai kuma ɓangaren da yawancin mutane ke zuwa dominsa, na shahararrun mutane.

Na Yarima Charles, wanda yanzu shine Sarki, da marigayiya Gimbiya Diana irin na hawa ne, kuma gudummawar biki ce aka basu lokacin aurensu a 1981. Bikin da duniya ta tsaya kallo a talabijin, auren da kowa ya san yanda ya ƙare, ita kuma ta rasu a 1997, amma ga kyautar bikin tana nan a saman shagon makullai a wani ƙaramin titi. Gaskiya abin ya taɓa ni fiye da yanda na zata.

Akwai na Brian May mai kaɗa jita a ƙungiyar Queen. Wannan mutumin ina girmama shi ba dan waƙa ba, ni ba ma'abocin irin waƙoƙinsu bane, sai dan yana matashi shi da mahaifinsa suka ƙera jitar da yake kaɗawa da hannunsu, har da katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki a ciki, kuma ita yake ta amfani da ita shekara da shekaru, sannan ya koma jami'a ya ƙarasa digirinsa na uku a ilimin taurari a 2007 bayan ya ajiye shi sama da shekara 30. Mutum irin wannan ban yi mamaki ba da bai jefar da tsohon injinsa a bola ba. Akwai na Eric Morecambe mai barkwanci da ya rasu a 1984, da na Paul O'Grady mai gabatar da shiri a talabijin, da kayan Alan Titchmarsh mai shirin lambu a talabijin, da na Nicholas Parsons, shi ma mai gabatar da shiri. Lee Mack, ɗan barkwanci kuma haifaffen Southport, nasa ma ba inji bane, ɗan tsinken katako ne da ake huda ƙasa da shi a saka iri, amma an ajiye shi da sunansa.

Wanda na fi daɗewa a gabansa shine na Albert Pierrepoint. In baka san shi ba, shine shahararren hauni na Birtaniya a ƙarni na 20, mai rataye waɗanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa, ya rataye sama da mutum 400 har da 'yan Nazi da aka kama da laifin yaƙi bayan yaƙin duniya na biyu, ya ajiye aikin a 1956, ya ƙare rayuwarsa a Southport ɗin nan ya mutu a 1992. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa bai ga rataya ta hana kowa kisa ba. Na tsaya ina kallon hannun injin, wajen da tafin hannu ke riƙewa, ina tunanin wannan mutumin yana dawowa gida yana tura wannan abu gaba da baya a bayan gidansa kaman kowane maigida, yana kwashe ciyawa yana zubarwa. Ɗana ya tambaye ni waye shi na faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa, yayi shiru.

Sannan sai na ga Panther. Na Jean Alexander ce, matar da ta fito a matsayin Hilda Ogden a shirin Coronation Street daga 1964 zuwa 1987, shirin talabijin da kusan duk gidan Ingila ke kallo a lokacin, ita ma a Southport ta zauna har ta rasu a 2016. Qualcast Panther, sunan da ke jikin nawa. Kai, farin cikin da naji bazan iya faɗa ba, ba dan ta shahara ba, ni ban taɓa kallon shirin ba ma a lokacin, sai dan a karon farko naga yanda nawa ya kamata ya kasance in ya dawo hayyacinsa. Na durƙusa na ɗauki hotuna ta ƙasa ta gefe, yanda akwatin tara ciyawa ke maƙalewa, yanda rolar gaba take zaune.

Ra'ayina akan wannan ɓangare na shahararru shine, shi ke jawo mutane su hau benen kuma babu laifi, dan da maƙwabcina bai ambaci Diana ba ƙila da ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Amma in ka cire katin sunan, yawancinsu injina ne na gama-gari, irin wanda ma'aikacin gidan waya ko direban bas zai saya. Mace da miliyoyin mutane ke kallo duk mako, injinta iri ɗaya da na mahaifin mai gidan da muke haya wanda ba wanda ya san shi. Qualcast kamfanin Derby ne, sun fara Panther a 1932 sun yi ta yinsa shekaru masu yawa, sun sayar da sama da miliyan, an yi shi ne dan ƙananan gidajen da ake ta ginawa a bayan gari masu ɗan fili gaba da baya. Abinda ya fi burge ni a gidan shine ba su tsaya a nuna kaya ba, suna ajiye tsofaffin littattafan bayani da zane-zanen injina da kayan gyara, wato suna so waɗanda ke hannun mutane ma su ci gaba da aiki.

Da muka sauko na shigo da nawa daga mota. Mutumin da ke kan kanta ya juya shi ya leƙa ƙasa, ya taɓa wuƙaƙen da yatsa, ya nuna min cewa babu wadda ta karye ko ta lanƙwashe, wuƙar ƙasa ma da sauran nama a jikinta, kuma jikin bai tsage ba wanda shine babban abin tsoro a ƙarfen zubi. Daga siffarsa yace min na bayan yaƙin duniya na biyu ne. Ya faɗa min abinda zan canza da abinda zan bari, kuma ya ja kunnena akan sifana: notikan ma'aunin Whitworth ne, tsohon ma'aunin Ingila da Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841, sifanun milimita da muke da su yanzu zasu shiga kaman sun yi daidai amma sai su cinye kan notin. Na sayi abinda zan saya na boris da ƙananan kaya, muka dawo.

Sifanun Whitworth a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi na same su, wadda mutane ke buɗe bayan mota su baje tsofaffin kaya, cikin wani akwatin gwangwani da kuɗi kaɗan. Daga nan aiki ya fara, da yamma in na dawo daga aiki da kuma ƙarshen mako.

Kwancewa ita ta fi cin lokaci. Na cire hannun, na cire murfin gefe, sarƙar ta daskare da tsohon giris da ya zama kaman dutse, na jefa ta a gwangwanin kananzir ta jiƙa har ta saki, na bi ta da tsohon buroshin haƙori gaɓa-gaɓa. Duk noti da wosha da na cire ina sa su a ƙaramar leda in rubuta inda suka fito. Wasu notikan sun ƙi, irin waɗannan ba a yi musu ƙarfi, ka ƙara mai, ka ɗan bubbuga da ƙaramar guduma a hankali, ka ɗan ɗaure kaɗan sannan ka sassauta, ka bari ka dawo gobe, ƙarfen zubi in ka matsa masa baya lanƙwashewa, fashewa yake yi kuma in ya fashe shikenan. A cikin babbar rolar baya akwai wasu 'yan haƙora da ke kamawa in ka tura gaba su saki in ka ja baya, su ne suka maƙale shi yasa injin ya ƙi motsi gaba ɗaya, da na wanke su na sa mai sai naji suna ƙas-ƙas yanda ya kamata. Rolar gaba ta katako ce kuma ta ruɓe, na kai wa wani mai aikin katako tsohuwar ya fafe min sababbi daidai girmanta, na shafa musu mai su sha.

Maganar fenti a kula. Tsohon fenti na wancan zamanin yana iya ƙunsar dalma, saboda haka a waje nayi, da takunkumi, ina jiƙa samfefar da ruwa dan ƙura kar ta tashi, kuma ban bar yara sun matso ba. Na kankare tsatsa da buroshin waya, na shafa maganin tsatsa, na sa fentin ƙasa sannan kore a jiki, ja a silinda, ina duba hotunan da na ɗauko daga Southport. Bakin wuƙaƙen kawai na bari ba fenti.

Wasa wuƙa shine zuciyar aikin, kuma anan ne na gane dalilin da yasa masu filin wasa har yau basu bar wannan tsarin ba. Injinan zamani da muka saba gani wuƙa ɗaya ce ke juyawa a kwance da gudu tana fizgar kan ciyawa, shi yasa bayan kwana biyu zaka ga bakin ganyen yayi fari-fari ya bushe. Na Budding kuwa wuƙaƙen silinda ne ke zuwa su haɗu da wuƙar ƙasa da ke tsaye, su datse ganyen kaman almakashi. To dole su haɗu daidai daga wannan gefe zuwa wancan. Yanda ake yi, ka samo man wasa bawul, wannan mai yashi-yashi da bakanikai ke amfani da shi, ka shafa a bakin kowace wuƙa da ƙaramin buroshi, ka ɗaure sukurorin gefe biyu har wuƙaƙen su ɗan taɓa ta ƙasa, sannan ka juya silindar baya-baya, ba gaba ba. Zaka ji ƙara mai kaushi, kana juyawa tana laushi, in ta yi laushi ka ƙara ɗaurewa kaɗan ka ƙara mai ka ci gaba. Hannu zai gaji. Ka kiyaye yatsunka sosai dan tun kafin tayi kaifi tana iya datse mutum. In ka gama ka wanke man tas, in ka bar ko kaɗan zai ci gaba da cin ƙarfen.

Gwajin kuma da takarda ake yi. Ka yanko siririyar takarda ka sa tsakanin wuƙaƙen ka juya a hankali, a hagu, a tsakiya, a dama, kowace wuƙa. In ta naɗe takardar ko ta tauna ta da saura, in ta datse ta tsaf to an zo wajen. Gefen dama na nawa ya daɗe yana taunawa, ina ƙara kwata-kwatan juyi a sukurun ina sake wasawa, ranar da ta datse daga farko har ƙarshe na ƙwala wa matata kira ta fito da gudu ta zata wani abu ne ya faru, na miƙa mata takarda nace ta gwada da kanta.

Kafin in fara yanka sai da na ari na lantarkin maƙwabcina na rage tsawon ciyawar, dan irin nawa baya son doguwa kuma baya son jiƙaƙƙiya, kwantar da ita kawai zai yi ya wuce. Na bi filin na tsince duwatsu da ƙananan itace, dutse ɗaya ya isa ya ɓata duk wasan da kayi. Ƙa'idar da masu lambu ke bi itace kar ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganyen a yanka ɗaya, gara kayi sau da yawa kaɗan-kaɗan. Na saita rolar gaba sama-sama na tura, ciyawa ta fara tsalle tana faɗawa akwati, babu hayaƙi babu waya, sai ƙarar wuƙaƙe kawai, ko da sassafe bayan asuba kayi ba zaka tada maƙwabta ba.

Da na kai ƙarshe na juyo na dawo sai ga layi-layi, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu, irin wanda muke gani a Anfield a talabijin. Ba fenti bane ba kuma ciyawa iri biyu bace, rolar baya ce ke kwantar da ganyen, wanda ya kwanta yana kallonka sai yayi duhu, wanda ya baka baya sai yayi haske. A gasar Firimiya akwai ma doka cewa tsawon ciyawar fili kar ya wuce milimita 30. Ƙwallon da muke kwana muna musu akanta a majalisa daga Kano har Damagaram, da tenis ta Wimbledon da aka fara a 1877, da kurket, duk sai da aka samu hanyar yin fili sumul cikin sauƙi sannan suka bazu yanda suka bazu. Na turawa Yayana bidiyo a WhatsApp, ya kira ni yace "Wai da hannu ka tura ya fito haka?" nace Yaya da hannu, kuma ƙarfen ya girme mu duka.

Kula da shi bashi da wuya. In na gama sai in goge ciyawar da ta maƙale da buroshi, in ɗiga mai a boris da sarƙa, in shafa tsumma mai mai a bakin wuƙaƙen, in lokacin sanyi yazo da ciyawa ta daina girma in ɗora shi kan katako kar ya taɓa damshin ƙasa. Ga wanda ya samu irinsa kuma Southport tayi masa nisa, akwai ƙungiyar Old Lawnmower Club da aka kafa a 1990, suna taro duk shekara a gidan tarihin Milton Keynes, kuma a shafinsu akwai bayanan tsofaffin injina da yawa da mutanen da ke amsa tambaya in ka tura hoto. Asalin injinan Budding kuma kaɗan ne suka rage, akwai a Science Museum na Landan, akwai a gidan tarihin Stroud.

Yanzu dattijon maƙwabcina ya jawo nasa daga gareji, Suffolk Punch mai fetur, ya daɗe a ajiye ba a tada shi ba, yace mu haɗu mu duba. Mun cire fulogi mun ga wuta tana zuwa, matsalar a kafireta take, tsohon mai ya bushe a ciki ya toshe hanya, gasket ɗin ma ya mutu. Mun rubuta lambar da ke jikin injin a takarda, ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu zamu koma Southport tare mu nemo, wannan karon har matata tace zata bi mu tana son ganin na Diana da idonta.